Samarin Kara-Kara na Damagaram

Wanda duk ya san Damagaram ya san Kara-Kara. Unguwa ce a gefen gari, inda aka ware kutare tun da, don kada su cuɗanya da jama'a. Yau kuturta ta sami magani, amma sunan unguwar bai warke ba. Yaro ya tashi da yatsunsa goma cif, ya je neman aiki, da an ji inda ya fito sai a kau da kai.

To, daga irin waɗannan samari ne ƙungiyoyin da a ke kira pale suka yi ƙarfi. Asalinsu fada ce, watau majalisar da matasa ke zama su sha shayi. Sannu a hankali shayi ya koma ƙwaya, hira ta koma ɗaga ƙarfe da wasa wuƙa, kowace ƙungiya ta shata iyakarta, wanda ya ƙetare a sare shi. Ban ce ba su da laifi ba, gama wanda ya zub da jini Allah zai tambaye shi. Amma mu da ke zaune da allo a gabanmu, sau nawa muka aika a kira ɗan Kara-Kara ya zauna cikin almajiranmu?

A 2011 aka buɗe matatar mai arewa da birnin, mai tace ganga 20,000 a yini, jama'a suka sa rai. Sai dai matata mai takarda ta ke ɗauka, su kuwa da yawansu ko takardar haihuwa ba su da ita. Saboda haka suka dogara ga fasa-ƙwaurin fetur daga Nijeriya, ana sayarwa a kwalba bakin hanya. Da Nijeriya ta janye tallafin mai a 2023, ribar nan ma ta ƙwace.

Saura hanyar arewa, ta Agadas, zuwa Libiya ko Aljeriya. Wannan hanya kuwa mutanen ƙasar Damagaram sun san kuɗinta. A watan Oktoba na 2013 motoci suka lalace da matafiya a hamada bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta kashe mutum 92, galibinsu daga wajen Kance. Cikinsu 52 yara ne, 33 mata. Allah Ya jiƙansu, amin.