Yola da Jimeta: Shin da gaske manyan birane na da girman kai?

Ma'aikacin tarayya da aka yi wa sauyin wurin aiki daga Abuja zuwa Adamawa yakan sauka da tikitin da aka rubuta wa Yola, amma garin da ya fara taka ƙasarsa Jimeta ne. A nan filin jirgin sama yake, a nan gidan gwamnati da ma'aikatu da bankuna da babbar kasuwa suke. Yola ta ainihi, wadda ke da fadar Lamiɗo, tana 'yan kilomitoci kaɗan daga nan. Kafin ya cika mako guda zai ji hukuncin da kowane ɓangare ya yanke wa ɗan'uwansa: a Jimeta ana cewa mutanen cikin Yola ba sa sakin fuska, su kuwa a cikin Yola ana ganin Jimeta gari ne na hanzari da ba a tsayawa a gaisa yadda ya kamata. Shi kansa baƙon, tun da daga Abuja ya fito, an riga an sa shi a sahun masu ji da kai.

Zargin ba sabo ba ne, kuma ba Adamawa kaɗai ake yi wa ba. Kirarin Kano ma gaya wa baƙo yake yi cewa duk abin da ya zo da shi akwai wanda ya fi shi. Amma garuruwan nan biyu, da yake suna maƙwabtaka kuma halayensu sun bambanta, sun ba da damar a rarrabe abubuwa uku da ake haɗawa a kira su da suna ɗaya.

Kunyar da ake ɗauka raini ce

Modibbo Adama, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Yola a 1841 ta zama hedikwatar Fombina. Garin ya tashi ne a kan sarauta da malanta da tarbiyyar Fulani da ake kira pulaaku, wadda ginshiƙanta suka haɗa da kunya da haƙuri da hankali. Wanda aka rena a kan wannan tarbiyya ba ya ɗaga murya, ba ya cin abinci a bainar jama'a, ba ya saurin bayyana murna ko buƙata. Ga Bahaushen kasuwa, wanda ya saba da cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, wannan kamewa tana iya zama kamar wulaƙanci, alhali mai yin ta girmama baƙon yake yi.

Ko shahararren baƙon da Yola ta taɓa kora, ba don raini aka kore shi ba. A watan Yunin 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya iso garin, amma bayan 'yan kwanaki Lamiɗo Lawal ya umarce shi da ya koma inda ya fito. Dalili shi ne ya zo tare da manzannin Shehun Borno, ɗauke da wasiƙu da suka taɓo rikicin iyaka, kuma ba shi da takardar Sarkin Musulmi. Abin da baƙo ya gani a matsayin rufe ƙofa, a wurin mai gida lissafin tsaro ne.

Hanzarin da ake ɗauka rashin mutunci ne

Jimeta kuwa kogin Binuwai ne ya raya ta. Ta bunƙasa a matsayin tashar jiragen ruwa da cinikin kamfanonin Turawa, kuma bayan da sojojin Ingila suka ci Yola a 1901, ayyukan mulki suka riƙa tattaruwa a wajenta. Ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, sannan Adamawa a 1991, ya ƙara jawo ma'aikata da 'yan kasuwa. Yau a Jambutu da Luggere da Doubeli da Karewa za a tarar da Bata da Bachama da Kilba da Margi da Higi da Hausawa da Ibo da Yarabawa suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Mai shago da ke ganin ɗaruruwan fuskoki a yini ba zai iya tambayar kowa lafiyar iyali da gajiya ba.

Masana sun daɗe da lura da haka. A 1903 masanin zamantakewa Georg Simmel ya bayyana cewa mazaunin babban birni yana kame kansa ne don ya kare hankalinsa daga yawan abin da ke gilmawa ta gabansa. A 1970 Stanley Milgram ya kira wannan yanayi da lodin da ya wuce kima. Daga baya Robert Levine ya gwada birane 36 na Amurka, inda aka riƙa yar da alƙalami ko nuna buƙatar tsallaka titi don a ga wanda zai taimaka, ya kuma gano cewa cunkoso ya fi girman gari tasiri wajen rage taimako. Da ya faɗaɗa gwajin zuwa ƙasashe 23, Riyo da ke Brazil, duk da girmanta, ita ta zo kan gaba. Ashe girman gari kaɗai ba ya kashe kirki.

Ranar da aka gwada garin

Babban ma'aunin da aka auna Yola da Jimeta da shi ya zo ne a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta kama Mubi, bayan Madagali da Michika. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwararo kudu. An buɗe sansanoni a Malkohi da Damare da Fufore, amma mafi yawan waɗanda suka gudo ba a sansani suka zauna ba. A gidajen jama'a suka sauka, wasu wurin dangi, wasu wurin waɗanda ba su taɓa sani ba. Majami'ar Saint Theresa da ke Jimeta, ƙarƙashin Bishop Stephen Dami Mamza, ta karɓi dubbai, kuma a 2021 cocin ta gina wa waɗanda suka rage gidaje, har da masallaci domin Musulmin cikinsu. Jami'ar Amurka ta Najeriya da ke Yola ta haɗa kai da malamai da limaman coci wajen rabon abinci. An yi haka ne alhali bama-bamai na tashi a kasuwar Jimeta da masallacin Jambutu a 2015, lokacin da tsoron baƙuwar fuska ke da hujja.

Inda zargin yake da tushe

Wannan ba ya wanke birane gaba ɗaya. Akwai abu na uku wanda ba kunya ba ne kuma ba hanzari ba: rarraba mutane bisa asali da muƙami. Kalmar kaɗo, wadda Fulani ke kiran wanda ba Bafulatani ba da ita, har yanzu tana yi wa wasu zafi idan aka furta ta da wata irin murya. Ƙorafin al'ummomi da dama na cewa daga nesa ake yanke musu hukunci yana cikin abin da aka yi ta muhawara a kai lokacin da gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta ƙirƙiro sababbin masarautu a ƙarshen 2024.

A Abuja wannan rarrabewa ma a taswira take. Tun da aka mayar da hedikwatar ƙasa can a 1991, Maitama da Asokoro suka zama na waɗanda ake jira, Nyanya da Mararaba da Kubwa na masu sammakon zuwa jira. Ɗan fansho da ya kwana a mota daga Yola, ya bi ta Numan da Gombe da Bauchi da Jos don a duba masa fayil, ba ya ganin minista ko babban sakatare. Mai gadi yake gani, da akawu, da mataimaki na musamman. Idan aka bar shi a kan benci tun safe har la'asar, sannan aka ce ya dawo gobe ba tare da an gaya masa teburin da takardarsa take ba, labarin da zai kai gida shi ne mutanen Abuja ba su da mutunci. Haka wanda ya taso daga Ganye ko Toungo zai faɗa game da Jimeta.

Sunan da gari ke yi, a ƙofofi irin waɗannan ake yin sa. Titi da gini ba sa raina kowa. Kamewar Yola tarbiyya ce, gaggawar Jimeta larura ce, kuma dukkansu sun buɗe zaure a ranar da aka buƙata. Abin da ya rage yana hannun mai riƙe da littafin baƙi da jerin masu ganin oga, wanda galibi shi ma daga wani ƙauye ya fito, kuma wata rana zai koma da fayil ɗin fanshonsa ya zauna a kan bencin.