Yaushe Ne Lokacin Haihuwa? Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani

A ƙasar Hausa ba kasafai ake barin ma'aurata su yi wa kansu wannan tambayar ba. Amarya ta yi wata huɗu a ɗakinta, sai dangin miji su fara leƙen fuskarta suna cewa, "Har yanzu shiru?" Haihuwa ta Allah ce, babu mai ja. Amma akwai abin da ke hannun miji da mata, kuma shi ne aka fi sakaci da shi.

Jikin mace yana da nasa lokacin

Fara al'ada ba ya nufin jiki ya isa ɗaukar ciki. Yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi shiga haɗarin doguwar naƙuda da jijjiga, jaririnta kuma ya fi yiwuwar zuwa bakwaini. Idan kan yaro ya daɗe a maƙale, yana danne mafitsara har naman wurin ya mutu, daga nan sai yoyon fitsari. Duk wanda ya taɓa leƙa asibitin Babbar Ruga a Katsina ya san yawan masu jiran tiyata a can, da yawansu kuwa a cikin fari abin ya same su.

Jinkiri ma yana da nasa haɗarin. Ana haihuwar 'ya mace da duk ƙwayayen haihuwarta, miliyan 1 zuwa 2, ba a ƙara mata ko ɗaya, raguwa kawai suke yi. Daga shekara 30 samun ciki yana ja baya a hankali, bayan 35 kuma da sauri. A nan ne ɓari da hawan jini da ciwon sukarin masu ciki suke ƙaruwa. Mata da yawa suna haihuwa lafiya a shekara 38 ko 40, sai dai irin wannan cikin ba na wasa da awo ba ne.

Namiji fa?

Shi ma ƙarfin maniyyinsa yana raguwa bayan shekara 40, ko da yake a hankali. Ga kuma lissafin da maza ba sa son yi: wanda ya haifi ɗa yana da shekara 55, zai kai 70 yaron yana sakandare.

Kafin cikin ya shiga

Gwajin jini ne na farko. Idan miji da mata duka AS ne, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da sikila. Kowane ciki, a lura, don wasu suna zaton idan an haifi mai ciwon sau ɗaya, uku na gaba sun tsira. A 2024 Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na sikila da ƙanjamau da ciwon hanta.

Sai maganin folik asid, ƙwaya ɗaya kullum tun kafin a samu cikin. Dalili kuwa, lakar bayan jariri tana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar da ɓatan wata ba. Mai hawan jini ko ciwon sukari ko farfaɗiya ta ga likita tun da wuri, don akwai magungunan da sai an canza mata.

Tazara tsakanin ciki da ciki

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake neman ciki. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kakanninmu sun san illar kwanika, shi ya sa mai jego takan daɗe a gidan iyayenta, a kuma shayar da yaro har ya isa yaye. Uwa tana bukatar ta mayar da jinin da ta zubar. Shayarwa kaɗai tana hana ciki ne a wata 6 na farko, shi ma idan nono zalla ake bai wa yaron kuma al'ada ba ta dawo ba.

"Sai na samu kuɗi"

Ga wadda ke tsakiyar karatu, ko magidancin da bai da abin biyan kuɗin tiyata idan haihuwa ta zo da gardama, jiran shekara ɗaya ko biyu hankali ne. Amma jira mara iyaka wani abu ne daban. A ganina, abin da ya kamata a tanada ba kuɗin ragon suna da kayan fitar suna ba ne. Kuɗin awo ne, da na motar da za ta kai matar asibiti da tsakar dare, da wanda zai ba da jini idan an nema. Kuma su biyun su yi maganar tsakaninsu, kafin uwar miji ta yi musu ita.

Idan cikin ya ƙi zuwa

Shekara ɗaya ana tare ba tare da maganin tazara ba, to a je asibiti. Idan matar ta haura 35, wata 6 ya isa. Kuma su je tare. Sau da yawa matar ce ake yawo da ita wurin masu magani, har a kira ta juya, alhali a kusan rabin irin waɗannan matsalolin akwai hannun namiji. Gwajin maniyyi ya fi yawancin gwaje-gwajen mata sauƙi da araha, don haka da shi ya kamata a fara.