Rana ta zama injin ban ruwa

Ƴan uwa manoma na Durum da kewaye, duk mai garka ya san wahalar ban ruwa. Guga na cin ƙarfin mutum, inji kuma na cin kuɗin mai. Yau ga hanya ta uku: famfo mai aiki da hasken rana.

Yaya yake aiki? Ana kafa faifan sola a fili. Idan rana ta haska shi, sai ya maida haskenta wutar lantarki. Wutar ta bi waya zuwa famfo, famfo ya jawo ruwa daga rijiya. Babu mai, babu hayaƙi, babu ƙara.

Wannan dabara ta daɗe. A shekarar 1954 masana a Amurka suka ƙera irin wannan faifai, amma kashi 6 cikin 100 kawai na hasken yake iya maidawa wuta, ga tsada. Masu bincike suka yi ta gyara. Faifan yau ya wuce kashi 20. Masana'antun ƙasar Sin kuma suka shiga ƙera shi da yawa, har kuɗinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Shi ya sa a 2023 kusan kashi 30 cikin 100 na wutar duniya ya fito daga ruwa, iska, rana da makamantansu, abubuwan da ba su ƙarewa.

Nijar ma ba a bar ta a baya ba. Tun 1965 aka kafa ma'aikatar binciken hasken rana mai suna ONERSOL, wadda shehun malami Abdu Mumuni ya jagoranta. Jami'ar Yamai sunansa take ɗauke da shi. An buɗe tashar sola ta Malbaza a 2018, ta Gorubanda kuma a 2023, shekarar da Nijeriya ta tsinke wutar da take turo mana na wasu watanni.

A gidan likita ma an samu sauƙi. Maganin rigakafi yana lalacewa in ya sha zafi. Yanzu akwai firji na sola marar batir. Da rana yana haɗa ƙanƙara a cikinsa, ita ce ke riƙe sanyi har gari ya waye.

Manomi ma zai iya bin wannan hikima. Batir yana da tsada, zafin Damagaram kuma yana saurin kashe shi. Ya fi kyau a gina tanki a sama, a cika shi da rana tsaka, a yi ban ruwa da yamma ko da safe.

Sai dai faifai yana son kulawa. A fuskantar da shi kudu, a ɗan jingine. Kada inuwar itace ta faɗa kansa, ko da a gefe ɗaya, domin wutar za ta ragu sosai. Ƙurar hunturu ma tana rage masa ƙarfi. A goge shi da sassafe, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi.

Akwai wani haɗari kuma. Tun da rana kyauta ce, wasu kan bar famfo yana zuba har ruwa ya kwanta. Ruwan ƙasa yana da iyaka, rijiyar maƙwabci na iya ƙafewa. Ruwan da ya kwanta kuma gidan sauro ne, mai kawo masassara. In tanki ya cika, a kashe famfo.

Kuɗin saye na farko yana da nauyi ga mutum ɗaya. Masu garake kusa da juna na iya haɗa kuɗi cikin ƙungiya. Kafin a biya, a kira gwani ya auna zurfin rijiya da yawan ruwanta, a kuma karɓi takardar garanti daga mai sayarwa.