Wa zai fara wucewa a ƙofar suwic?

A watan Oktoba na 1986, layin sadarwa da ke tsakanin ɗakin bincike na Lawrence Berkeley da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley ya durƙushe. Daga bit 32,000 a daƙiƙa ya koma bit 40 kacal, alhali tazarar wuraren biyu ba ta wuce yadi 400 ba. Waya ba ta tsinke ba, cunkoso ne. Fakitocin bayanai suna zubewa a hanya, kwamfutoci suna sake turo su, cunkoson yana ƙara haihuwar kansa. Van Jacobson ne ya fito da maganin a 1988, inda aka koya wa TCP, tsarin da kwamfutoci ke aika bayanai da shi, ya sassauta gudu da zarar ya ga an fara zubar masa da kaya.

Sai dai murya ba ta da wannan gatan. Wayar tebur mai aiki da intanet takan tura fakiti 50 a daƙiƙa, kowanne ɗauke da maganar milisakan 20, kuma wanda ya faɗi ya faɗi ke nan, ba a sake aiko shi. Shi ya sa za ka ga ma'aikaciya ta danne kan waya a kunne tana ta "Ranka ya daɗe, maganarka tana yankewa", a daidai lokacin da wani a ɗakin kusa yake kwashe manyan fayiloli daga sabar ofis.

Abin da ke faruwa a cikin suwic, wato akwatin nan mai ƙofofi 24 ko 48 da fitilunsa ke ƙifta ido, ya cancanci a tsaya a kansa. Kowace ƙofa tana da ɗan zauren jira. A ce saba tana turo kaya da gudun gigabit 10, ƙofar fita kuwa gigabit 1 ce. Zaure mai cin megabait ɗaya zai cika maƙil kafin milisakan ɗaya ya cika, duk wanda ya iso bayan nan a zubar da shi, ko murya ce ko fim. Abin takaicin shi ne, manhajar sa ido da ke ɗaukar matsakaicin minti biyar za ta nuna hanya fayau. Na sha ganin an ɗora wa kamfanin intanet laifi, alhali ɓarnar a cikin gida take.

A nan tsarin fifiko da ake kira QoS yake shigowa, kuma ina so a fahimce shi da kyau: ba ya ƙara faɗin hanya ko da taku ɗaya. Aikinsa ya zaɓi wanda zai jira da wanda za a zubar, kamar yadda ake shigar da mai naƙuda gaban mai ciwon kai a asibiti.

Da farko ana yi wa fakiti tambari. Ƙa'idar 802.1p ta ware bit 3, wato aji takwas daga 0 zuwa 7, murya takan ɗauki 5. Tsarin DSCP na 1998 kuwa bit 6 ne, tambari 64. Murya 46, taron bidiyo 34. Daga nan sai a buɗe wa murya layin da ake sallama kafin kowa, amma a sa masa iyaka. Kamfanin Cisco ya daɗe yana ba da shawarar kada ya wuce kashi 33 cikin ɗari na hanyar, don kada sauran su mutu da yunwa. Abin da ake nema shi ne jinkiri kada ya haura milisakan 150, kamar yadda ƙa'idar G.114 ta hukumar ITU ta tanada, asara kuma ta tsaya ƙasa da kashi 1.

Inda aka fi yin sakaci shi ne amana. In ka bar suwic ya yarda da tambarin kowace kwamfuta, kowa zai iya rubuta wa kayansa 46, layin gaggawa ya koma kasuwa. A yarda da tambarin wayar tebur, na kwamfutar da aka jona ta jikinta a goge shi tun daga ƙofar shiga. Kuma saitin ya zama iri ɗaya a duk suwic da ke kan hanya, domin guda ɗaya da aka manta ya isa ya watsa aikin.

Bayan an gama, a share lissafin fakitocin da aka zubar, a jira lokacin da ofis ya fi cika, a duba layi-layi. Na murya ya kamata ya nuna sifili. In kuwa ƙofar fita cike take tun safe har la'asar, sai a ƙara mata waya ta biyu ko a koma gigabit 10.