Ɗan bawul ɗin da ke gadin kilim

A bazarar bana, lokacin da zafin Maraɗi ya wuce digiri 40, na riƙa bin yayana wajen gyaran kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki. A can na ga wani ɗan bawul da bai kai dunƙulen hannu ba, masu gyara suna ce masa detandar.

Ku shafa turare a bayan hannu ku hura, za ku ji sanyi. Dalili kuwa, ruwa in zai koma tururi sai ya kwashi zafin abin da ya taɓa. Haka randa ke sanyaya ruwa, haka ma kilim. Kwamfaresa na matse gas, ya huce a akwatin waje ya zama ruwa, sannan ya iso bakin bawul da ƙarfi. Bawul ya sake shi ta 'yar siririyar kafa, matsin ya faɗi, ruwan ya fara tafasa yana sanyi ƙarara cikin bututun ɗaki, yana shanye zafin iskar da fanka ke kaɗowa.

To, yaya bawul ke sanin yawan da zai saki? Nan ne abin ya burge ni. Akwai wani ɗan kwalabar ƙarfe mai gas a ciki, ɗaure a bututun da ke fitowa daga ɗaki. In bututun ya yi ɗumi, gas ɗin kwalabar ya kumbura, ya danna wani faifai a kan bawul, allura ta matsa, kafa ta ƙara buɗewa. In ya yi sanyi da yawa, sai sifirin da ke ƙasa ya mayar da allurar. Ba ruwansa da lantarki ko kaɗan.

Gadin nan ba wasa ba ne. In ruwa ya yi kaɗan, ɗaki ba ya sanyi. In ya yi yawa har ya isa kwamfaresa bai gama zama tururi ba, zai iya fasa shi, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma kwamfaresa ne mafi tsada a na'urar.

Ƙananan kilim da yawa ba su da wannan bawul, siririn bututu kawai ake sa musu. Amma a masu shi, in sanyi ya ragu, kada a yi saurin cewa gas ya ƙare. Wani gida da muka je an ƙara gas sau biyu a banza, ashe datti ne ya toshe bawul.