YADDA AKE YIN KAYAN ADON KIRSIMETI DA KWAƁIN FULAWA DA GISHIRI

Gabatarwa

'Yan'uwana ɗalibai, duk shekara idan watan Disamba ya kama, kayan adon Kirsimeti kan yi tsada a kasuwa, ga shi aljihun ɗalibi ba nauyi. Wannan ya sa na koyi haɗa nawa da fulawa da gishiri da ruwa kawai. Al'adar ƙawata bishiyar Kirsimeti daga ƙasar Jamus ta yaɗu, tun ƙarni na 16. A wancan zamani tuffa da gyaɗar Turawa da gasassun kayan fulawa suke ratayawa a jikinta. Ke nan yin ado da kwaɓi ba sabon abu ba ne.

Yadda Ake Yi

A auna kofi 2 na fulawa, kofi 1 na gishiri mai laushi, da ruwa kusan kofi 1. A haɗa fulawa da gishirin, sannan a riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan ana kwaɓawa har na minti 10. Kada a sa yis ko hodar da ke kumbura cincin, domin ba a son kwaɓin ya tashi.

Daga nan sai a barbaɗa fulawa a kan faranti, a murza kwaɓin da kwalba har kaurinsa ya kai rabin santimita. A fitar da siffa zagayayya da bakin gwangwanin madara, tauraro da ƙararrawa kuwa a yanka da wuƙa. A huda saman kowanne da tsinke tun yana ɗanye, domin idan ya bushe ba ya huduwa, sai dai ya fashe.

Sai a gasa a obin da ƙaramar wuta, kamar digiri 100, na awa 2 zuwa 3. Wuta mai ƙarfi kan sa shi kumbura ya tsage. Wanda ba shi da obin ya shanya a iskar hunturu na 'yan kwanaki, yana juyawa. Idan ya ƙame, a shafa fenti, a zura zare.

Sirrin Gishiri

Gishiri shi ne yake hana fumfuna kama kwaɓin, shi ne kuma yake ba shi tauri. To amma gishiri yana jawo danshi daga iska. Wannan darasi da asara na koye shi. Shekarar farko na zuba taurarina a kwali na ajiye ƙarƙashin gado. Da damina ta wuce na buɗe, sai na tarar sun yi laushi kamar jiƙaƙƙen burodi. Mu da ke zaune a Kudu, inda laima ta yi yawa, dole ne mu shafa musu man sheƙi irin wanda kafintoci ke shafa wa katako, gaba da baya har cikin hudar, sannan mu adana su a roba mai murfi.

Kammalawa

Abu na ƙarshe, wannan ado kama yake da biskit, amma ba a ci. Yawan gishirinsa na iya cutar da ƙaramin yaro, yana kuma iya kashe kare. Saboda haka a rataye shi sama, inda hannun yaro ba zai kai ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kai mu lokacin lafiya.