Tsamiyar Garkida: abin da iyalin Kulp suka biya kafin ekklesiya ta tsaya da ƙafafunta

A ranar 17 ga Maris 1923, wasu Amurkawa biyu, Stover Kulp da Albert Helser, suka yi sujada a gindin wata tsamiya a Garkida, garin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Gombi ta Jihar Adamawa. Daga wannan rana Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, take ƙirga shekarunta, kuma a Maris 2023 ta yi bikin cika shekara 100. Sunayen mazan biyu su ne suka fi fitowa a tarihin ekklesiyar. Amma wanda ya bi labarin gidajensu zai tarar cewa mata da 'ya'ya sun ɗauki kaso mai nauyi na wahalar.

Kulp da Helser sun sauka Legas a ƙarshen 1922 ba tare da matansu ba. Niyyarsu ita ce su zauna a Biu, tsakiyar ƙasar Bura, amma hukumar mulkin mallaka, wadda ke kaffa-kaffa da shigar 'yan mishan yankunan da ke ƙarƙashin sarakuna Musulmi, ba ta amince ba. Sai suka gangara Garkida, kusa da kogin Hawul. Matansu, Ruth Kulp da Lola Helser, sun iso daga baya, suka tarar da gidan laka da jinka, da harshen Bura wanda dole su koya daga bakin maƙwabta, da zazzaɓin cizon sauro da ake karewa da shan kwinin kullum. Wasiƙa daga gida kuwa sai ta yi makonni a jirgin ruwa kafin ta kama hanyar tudu.

Ruth ba ta daɗe ba. A 1924 ta rasu bayan haihuwa, jaririn ma bai rayu ba. A lokacin ba a yi wa ko mutum ɗaya baftisma a Garkida ba, wato mijin ya binne matarsa da ɗansa tun aikin da ya kawo su bai nuna alamar tsiro ba. Daga baya aka sa wa asibitin mishan na garin sunanta. Kulp bai tattara ya koma ba. A 1926 ya auri Christina Masterton, 'yar mishan daga Sikotland, kuma a 1927 aka yi wa mutum huɗu na farko baftisma.

Kafa ekklesiya a irin wannan wuri ya wuce wa'azin ranar Lahadi. Gidan ɗan mishan shi ne ɗakin shan magani na farko, shi ne aji na farko, shi ne kuma masaukin baƙi. Matar gida kan wanke gyambo da safe, ta koya wa yara baƙaƙe da rana, ta zauna da matan unguwa da yamma, domin a can ne ake jin harshen yadda masu shi ke furta shi. Mijin kuma yana yawon ƙauyuka, yana fassara littattafan Linjila zuwa Bura. A ƙarshen shekarun 1920 aikin ya kai Lassa a ƙasar Margi, inda aka sake fara koyon wani harshe daga tushe, aka kuma buɗe mazaunin jinyar kutare kusa da Garkida.

Da 'ya'ya suka fara tasowa, sai wata matsala ta kunno kai, wadda duk ma'aikacin da aka taɓa yi wa canjin wurin aiki zuwa nesa ya san ta: ina yara za su yi karatu? Zaɓin bai wuce uku ba. Ko uwa ta koya musu a gida, ko a bar su wurin dangi a Amurka na tsawon shekaru, ko iyali duka su ajiye aikin. Wannan ne ya sa mishan ɗin 'Yan'uwa ya buɗe makarantar Hillcrest a Jos a 1942, daga baya wasu ƙungiyoyin mishan suka shigo ciki. Ta rage nisan, amma ba ta kawar da rabuwar ba, domin yaro ƙarami kan bar iyayensa ya zauna a ɗakin kwana watanni kafin hutu. Da yawa daga cikin yaran sun girma suna jin Hausa ko Bura, sannan suka koma ƙasar da fasfo ya ce tasu ce suka zama baƙi a cikinta.

Christina ta rasu a 1952. Kulp ya ci gaba da aiki, daga baya ya koma Amurka, ya rasu a 1964. Makarantar horar da fastoci ta EYN da ke Kwarhi, kusa da Mubi, tana ɗauke da sunansa. Haɗarin aikin ma bai ƙare da zamaninsa ba: a 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan ɗin, Laura Wine, ta kamu da wata baƙuwar cuta a Lassa ta rasu a Jos, cutar da duniya ta sani yau da zazzaɓin Lassa.

Ba kowa ne ke kallon wannan tarihi da ido ɗaya ba. Akwai masu tuna makarantu da asibitoci, akwai kuma masu tuna cewa 'yan mishan sun zo ne a inuwar mulkin Turawa, sun kuma soki al'adun da ba su gama fahimta ba. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa yawancin ƙauyukan da ekklesiyar ta shiga, malamai da masu bishara 'yan ƙasa ne suka kai ta, su ma da matansu da 'ya'yansu, kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A 1972 ragamar ekklesiyar ta koma hannunsu gaba ɗaya.

Gwajin gaske ya zo ne bayan 'yan mishan sun daɗe da tafiya. Yawancin 'yan matan da aka sace a Chibok a Afrilu 2014 'ya'yan EYN ne. A Oktoban shekarar mayaƙan Boko Haram suka mamaye hedikwatar ekklesiyar a Kwarhi, shugabanninta suka yi gudun hijira zuwa Jos. A Fabrairu 2020 aka kai hari Garkida kanta, aka ƙona majami'u. Duk da haka shugabannin sun koma Kwarhi, kuma a can aka taru bikin shekara 100, ƙarƙashin jagorancin jikokin mutanen da suka koya wa Ruth Kulp gaisuwar Bura.